Mu da Allurar Mai Lafiya

Mu dai a Gidigir, in ana maganar son allura, a sa mu a sahun gaba. Mutum ya tashi da zazzaɓi ya tafi likita, majo ya duba shi ya miƙo masa ƙwayoyi a ƙullin leda, to ranar mutanen gidansa sun shiga uku da mita. "Ko taɓa ni bai yi ba." Taɓawa a wurinmu ita ce sokawa. In kuwa aka ɗaura wa mutum ƙarin ruwa, ciwo ya yi daraja ke nan, sai dangi su fara zuwa dubiya daga ƙauyuka. Muna ma da masu yi mana ita a bayan kasuwa, waɗanda ba su taɓa leƙa ajin koyon aikin likita ba. Mu biya da kuɗinmu, mu kwance zariya, mu yi godiya, mu taho gida muna ɗingishi. Ban taɓa jin wanda ya ce a karanta masa rubutun da ke jikin kwalbar ba.

Sai ga allurar korona ta zo, a hannun ma'aikata masu farar riga, cikin akwatin sanyi, ba a karɓar ko dala. Nan fa garin nan ya cika da masana. Wanda bai san sunan ƙwayar da yake haɗiya kullum don ciwon baya ba, shi ne mai tambayar wace ƙasa ta haɗa, da me aka haɗa, kuma me ya sa aka yi sauri.

Tun farko ma ba mu shirya da cutar ba. Ranar 19 ga Maris 2020 aka ce an sami mutum na farko da ita a Yamai. Kafin mu gama tambayar yadda ake faɗin sunanta, an rufe iyakoki, an rufe lakwal, an ce a daina jam'i a masallaci. Wannan na ƙarshen shi ya ɓata komai. A Mirya har matasa suka fito aka yi ƙone-ƙone. Azumi ya kama masallatai na rufe, sai ranar 13 ga Mayu aka buɗe su, amma zukata sun riga sun ɗauka cewa duk abin da ya biyo bayan korona daga gidan da aka kulle masallaci ya fito. An ce kar a yi musabaha. Mutumin da zai riƙe hannunka tun daga "ina kwana" har ya gama tambayar lafiyar raƙumarka, shi za ka miƙa wa gwiwar hannu? Kashine kuwa, wato takunkumin fuska, mun saka, ba mu ƙi ba, a ƙarƙashin haɓa. 'Yan kabu-kabu ne kaɗai suka gane amfaninsa, su ma don ƙurar hunturu.

Da allurar ta iso, lissafin ma abin dariya ne in mutum ya zauna ya yi shi. Cikin Maris 2021 ƙasar Sin ta aiko da Sinopharm guda 400,000, aka fara yi ranar 29 ga watan, firaminista Brigi Rafini ya fara miƙa damtse a gaban kamara. Cikin Afrilu shirin COVAX ya kawo AstraZeneca sama da 355,000. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 24 fa. A fadarmu ta bakin kwalta, inda motocin Gure da Difa ke wucewa, wani ya rantse an kawo ta ne don a ƙarar da mu. Mai shayi, wanda ba ya cika sa baki, ya ce in don haka ne to masu shirin ba su iya lissafi ba, ko Damagaram kaɗai ba za ta ishe ta ba.

Saƙonnin murya na WhatsApp su suka yi mana karatun. Mutum ba ka san shi ba, ba ka san garinsu ba, ya fara da sallama da salati, ya ce a tura wa duk Musulmi, shi ke nan ya zama hujja. Wani ya ce duk wanda aka yi wa ba zai wuce shekara 2 ba. Waɗanda aka yi wa a Afrilun 2021 sun ga Afrilun 2023, sun ci ragon layya sau biyu a tsakani, har yau ban ji mai saƙon ya dawo ya nemi gafara ba. Wani ya ce tana hana haihuwa. Wannan kam ko amsa ba ya buƙata a unguwarmu, inda mako ba ya fita ba a kira ka suna ba, kuma cikin masu jegon akwai waɗanda na san an yi musu.

Amma wanda ya fi ba ni dariya shi ne na cokali. An ce akwai mayen ƙarfe a ciki, in ka ɗora cokali a inda aka soka sai ya manne. Aka kamo wani malamin lakwal da aka yi wa, aka naɗe masa hannun riga a tsakiyar fada, aka ɗora cokalin shayi. Ya kuwa manne. Aka ɗauki salati. Can wani yaro da ko kusa da likita bai je ba ya ɗauki cokalin ya ɗora a goshinsa, ya manne shi ma. Watan Afrilu ne, a Gidigir, da azahar. Zufar da ke jikin mutum a lokacin ko faranti ka ɗora masa sai ya tsaya.

Kada dai a ce mu sakarkaru ne. Ruwa ba ya tsami banza. Mu nan Kano ba baƙon wuri ba ne gare mu, rabin samarinmu can suke cin rani, kuma labarin 1996 ya iso mana tun ba a yi waya ba. Shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a asibitin masu cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe su, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75 ta Amurka. Ga kuma wasu likitoci biyu na Faransa da suka zauna a talabijin cikin Afrilun 2020 suna cewa me zai hana a yi gwaji a Afirka. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma ya yi tsalle, ba a yi masa dariya.

Sai dai mukan tsaya a rabin labarin Kano. Tsoron nan na cikin abin da ya sa aka dakatar da ɗigon shan inna a can a 2003, aka yi kusan shekara ba a yi ba, cutar ta tsallaka ƙasashe kusan 20, har da tamu. Akwai samari yau masu jan ƙafa da aka haifa a wannan tsakanin. Da aka koma ɗigawa, aka dage gida-gida, sai ga shi ranar 25 ga Agusta 2020 an bayyana cewa shan inna na daji ya ƙare a Afirka. Muna tsakiyar rigimar korona, ba wanda ya tsaya ya yi murna.

Tambayar da ta fi ƙarfi a fadar, wadda ni ma ban raina ta ba, ita ce ta wani dattijo mai sayar da kanwa. Ya ce, kowace damina zazzaɓin sauro na ɗibar mana yara, mu haƙa ƙananan kaburbura, ba wanda ya rufe iyaka. Yau don ciwo ya taɓa Turawa an zo ana lallashinmu da kyauta. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Gaskiya ya faɗa ta wani gefen, duniya ta fi gaggawa in gobarar a gidan mai kuɗi take. Ta wani gefen kuma ya manta da matan da ke bi gida-gida da damina suna ba yara ƙwayoyin kariyar zazzaɓi, su ma kyauta, su ma wani lokaci sai an ɓoye musu yara a bayan rumbu. Allurar zazzaɓin sauron kanta ta iso ƙasar nan a 2024, aka fara ta daga Gaya. Ina jira in ji abin da fada za ta ce ranar da ta zo ƙofarmu.

Na daɗe ina zaton kyautar ce ke tsorata mu, sai da na tuna da shanu. Duk shekara likitocin dabbobi na fitowa yi wa garke rigakafin ciwon huhu, awaki da tumaki a yi musu tasu, gwamnati ce ke biya. Ka je ka ga layi. Mutumin da ya rantse ba mai soka masa allurar Nasara, shi ne yake faɗa da ma'aikaci don an tsallake masa maraƙi ɗaya. Bai tambayi wa ya haɗa ba. Dalili kuwa a fili yake, ya taɓa ganin saniya na tari har ta faɗi, kakansa kuma ya ba shi labarin bushiya, wadda takan share garke ta bar makiyayi da sanda. Rigakafi ne ya kashe bushiya, tun 2011 babu ita a duniya.

Korona ce ba mu gani ba. Duk ƙasar nan waɗanda gwaji ya tabbatar ba su kai 10,000 ba, mamatan da aka rubuta sun ɗan haura 300. Gwajin kaɗan aka yi, wannan gaskiya ne, kuma tsoho in ya yi tari kwana biyar ya cika, cewa muke yi kwana ya ƙare, ba mai kai shi awo. Ga shi rabin 'yan ƙasar ba su wuce shekara 15 ba, cutar kuwa tsofaffi ta fi kayarwa. Rayuwarmu ma a waje take, a inuwar bedi da rumfa, iska na kaɗawa. Duk da haka ta taɓa na kusa. Ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar, ɗan Tasker, nan arewa da mu, ita ta ɗauke shi ranar 3 ga Mayu 2020 yana da shekara 55. Sai fada ta ce, ai ka ji, ciwon masu shiga jirgi ne.

Akwai wani tsohon majo da ya yi ritaya ya dawo gida, yakan zauna da mu bayan la'asar. Shi ya fi kowa iya ba mu amsa, don ba ya fushi. Wata rana na ce, "Baba majo, tsakani da Allah, mene ne a cikin kwalbar nan?"

Ya ce, "Ɗan nan, in an sace raƙumi wa ake kira?"

Na ce mai bin sawu.

Ya ce to jikin mutum na da masu bin sawunsa, aikinsu ke nan dare da rana. Matsalarsu ɗaya, ɓarawon da ba su taɓa ganin sawunsa ba yakan yi kwanaki yana ɓarna kafin su gane shi, tsoho kuma ko mai ciwon suga ba shi da waɗannan kwanakin. Rigakafi nuna musu sawun ne tun ɓarawo bai zo ba. Ta Sin, in ji shi, gawar ɓarawon aka kawo, an kashe ƙwayar cutar, ba ta iya tashi, a duba ƙafarta a sani. AstraZeneca da Johnson kuwa wata ƙwayar mura ce da aka daƙile ta yadda ba ta iya hayayyafa, aka aiko ta kamar jaki da bayanin takalmin ɓarawon, jiki ya ɗinka irin takalmin ya nuna wa masu tsaronsa. Ta Pfizer ko jakin babu, takardar bayanin ce a naɗe cikin ɗigon maiƙo, a karanta, cikin 'yan kwanaki ta narke. Babu wadda ke ɗauke da korona mai rai a cikinsu, saboda haka babu wadda za ta sa maka ita.

Dattijon kanwa ya ce, to me ya sa wasu ke kwanciya bayan an yi musu? Majo ya ce wannan hayaniyar masu bin sawu ce suna koyon aiki. Damtse ya yi tsami, kai ya sara, jiki ya yi zafi kwana ɗaya ko biyu, a sha farasitamol a kwanta. Bai ɓoye mana sauran ba, kuma abin da ya sa na yarda da shi ke nan. Ya ce akwai wanda jikinsa kan yi bore nan take, numfashi ya sarƙe, shi ya sa ake cewa ka zauna minti 15 kafin ka tafi, don maganin abin na nan a kan tebur. Mu kuwa da an zare allura sai mu miƙe, wai kasuwa na ci. Ya ce AstraZeneca da Johnson an same su da haddasa wata irin daskarewar jini, galibi ga mata masu ƙuruciya, amma ƙalilan ƙwarai. A Amurka mutum 6 aka fara gani cikin kusan miliyan 7 da aka yi wa Johnson, suka tsayar da ita kwana 10 cikin Afrilun 2021 suka bincika. Ta Pfizer kuma takan kumbura naman zuciya ga wasu samari, mafi yawansu su warke. Duk wanda ya ji ciwon kai mai tsanani da ya ƙi sauka, ko ciwon ƙirji, ko ƙafa ta kumbura cikin makonnin da suka biyo baya, ya koma likita, kar ya tsaya jiƙa saiwa. Sannan ya dube mu ya ce, "Mutum 6 cikin miliyan 7 aka gano aka tsaya. Mai yi muku allura a bayan kasuwa, wa ke ƙirga masa nasa?"

Ba wanda ya amsa. Mai shayi ya zuba na biyu.

Wani ya kawo maganar da ta fi yawo daga baya, cewa ga waɗanda aka yi wa nan suna kamuwa, to ina amfanin? Majo ya ce ɓarawon ne ya sake takalmi, shi ne wanda aka kira Omikron a ƙarshen 2021. Masu bin sawu kan ɗan yi jinkiri, har ya shigo tsakar gida, amma tafiyarsa ba ta ɓace musu ba, da wuya ya kai ga rumbu. Ka yi mura ka tashi, maimakon a ɗora ka a mota zuwa babban asibitin Damagaram ana neman iskar numfashi. Kuma ba ranar da aka soka take fara aiki ba, sai an ba ta mako 2. Masu zuwa biyu, irin ta Sin, in ka yi ɗaya ka gudu ka bar aiki a rabi, abin da da yawanmu suka yi ke nan. Shi abin da ya fi damunsa a ƙasa irin tamu ma zafi ne. Kwalaben nan tsakanin awo 2 da 8 na sanyi suke so, daga Yamai har ƙauyen da sai an hau amalanke, shi ya sa ake lallaɓa firijin hasken rana kamar jariri. Wadda ta wuce wa'adi kuma zubarwa ake yi, Najeriya ta lalata sama da miliyan ɗaya a Abuja cikin Disamban 2021. Da nufin cutarwa ne, in ji shi, wa zai yi asarar rami?

Duk wannan surutun na maza ne. Mata ba su zauna fada ba, amma su suka san rigakafi. Su ke goya jariri su tafi awo, su ke ajiye karne, katin awon yaro, a cikin kwalla tare da 'yan kunnen aure, su suka san wace ake yi ranar haihuwa, wace ake yi a wata 9 don ƙyanda. Gwaggona, wadda hawan jini ya daɗe yana damunta, ba ta yi shawara da kowa ba, ranar da masu allura suka zo ta yafa gyale ta tafi. Na ce, "Gwaggo, ba ki ji abin da ake faɗa ba?" Ta ture hannun riga ta nuna mini tsohuwar lamba a damtsenta, mai faɗin dala. Ta ce, "Wannan ta agana ce. Lokacin ma cewa aka yi kar a je, uwata ta ɓoye ni cikin rumbu, bulama ya sa aka zaro ni. Kai ka taɓa ganin mai agana?" Ban taɓa ba. Tun 1980 aka ce ta ƙare a duniya. Bayan allurar, Gwaggo ta kwana ɗaya da zazzaɓi, ta tashi ta zage ni don ban kawo mata fura ba.

Da azumi ya kama, sai aka sami sabuwar mafaka, wai allura na karya azumi. Malaman Azhar da muftin Saudiyya duk sun ce ba ta karyawa, tunda ba ci ba ce ba sha ba. Namu malamin na unguwa ma haka ya ce da aka tambaye shi, ya ƙara da cewa wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya bari sai an sha ruwa. Aka sha ruwa, aka yi salla, aka yi ta layya, masu jiran ba su je ba.

Yanzu abin ya lafa. Hukumar lafiya ta duniya ta sauke dokar ta-ɓaci ranar 5 ga Mayu 2023, bayan an yi allurar sama da sau biliyan 13 a duniya. Cutar na nan tana yawo cikin murar hunturu, shawarar da ta rage ta tsofaffi ce, da masu suga da hawan jini, da masu juna biyu, da ma'aikatan likita. Bokitan wanke hannu da aka raba sun koma na jiƙa dusa.

Amma ba zan manta da maƙwabcinmu ba, dillalin shanu, wanda muke kira Alhaji tun bai taɓa ganin cikin jirgi ba. Shi ne shugaban masu ƙi. Shi ya kawo cokali ranar malamin lakwal. Shekara biyu Saudiyya ba ta karɓi alhazan waje ba, 2020 da 2021, kuɗinsa na ajiye. Da aka buɗe a 2022 aka ce mutum miliyan ɗaya za su yi, sai wanda bai haura shekara 65 ba, kuma sai da shaidar rigakafin korona, ban da ta sanƙarau da ta shawara da aka saba. Alhaji na da 63. Bai yi shawara da fada ba. Da sassafe aka gan shi ya bi ta bayan gari, ta wajen lambuna, hanyar da ba ta kai kowa likita sai mai son kar a gan shi. Ya ce wa ma'aikaciyar, "'Yata, wadda ake yi sau ɗaya nake so, kar a yi ta ja mini rai." Aka yi masa Johnson. Har minti 15 ɗin ya zauna, don ta riƙe katin ta ce sai sun cika.

Ya je ya dawo lafiya, da haƙorin Makka da dabino da zamzam. Muka je taron barka da sauka, aka shimfiɗa tabarmi, aka ɗora shayi. Ana cikin labarin Arfa sai mai shayi ya matso a hankali, ya ce, "Alhaji, Allah ya sa karɓaɓɓe ne, ɗan ba ni damtsen nan." Kafin ya ankara an ɗora masa cokali. Ya sulale ya faɗi cikin rairayi.

Alhaji ya dubi cokalin, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ka wanke shi kafin ka sa mini a shayi."